Yadda ake kafa ƙungiyar tsaron unguwa, da yadda ake riƙe ta kada ta mutu

Tambayar da masu karatu suka fi aiko min a 'yan kwanakin nan guda ɗaya ce, kowa dai da yadda yake faɗinta. An fasa gidan maƙwabci, an ɗauke babur a ƙofar gida, an fizge wa yarinya waya da yamma, jama'a sun taru sun yi ta faɗa, an ce a kafa ƙungiya. To ta ina ake farawa? Wasu kuma sun riga sun kafa, ta yi wata biyu ta mutu, suna so su san inda aka kuskure.

Kafin mu shiga matakai, a riƙe wannan: ƙungiyar tsaron unguwa ido ce da kunne. Ta gani, ta rubuta, ta sanar da hukuma, ta toshe kafar da ɓarawo ke bi. Tuhuma da hukunci aikin wasu ne. Kuma abin yana aiki in an yi shi daidai. Nazarin da Trevor Bennett da Katy Holloway da David Farrington suka fitar a 2008, wanda ya tattara binciken da aka yi kan irin waɗannan ƙungiyoyi, galibi a Amurka da Birtaniya, ya nuna raguwar laifuka da kashi 16 zuwa 26 cikin ɗari. Wanda aka taɓa shiga gidansa cikin dare ba zai raina wannan ba.

1. Mutum biyar tukuna

Kada ka fara da kiran taron unguwa. Ranar da aka yi sata kowa zuciyarsa tana tafasa, za a cika wuri, a yi ta hayaniya, a watse ba wanda aka ɗora wa komai. Fara da mutum huɗu ko biyar da ka san suna cika alkawari, ka zaɓe su yadda kowanne yake ganin abin da sauran ba sa gani: wanda yake wuni a gida, wanda yake dawowa daga aiki cikin dare, mai sana'a a bakin titi, ɗan haya, da matashin da matasa ke jin maganarsa. Lallai a sami mace a ciki. Wanda yake gida da rana shi ya san baƙon da ya wuce sau uku yana leƙen ƙofa, kuma fasa gida da yawa da rana tsaka ake yinsa, lokacin da masu gida suka fita.

Gargaɗi: mutumin da ya fi kowa zaƙewa, mai cewa a bar shi da su zai yi maganinsu, kada ya shiga sahun farko. Haka wanda yake da tsohuwar gaba da wani gida a layin. Ƙungiya takan ɗauki halin waɗanda suka kafa ta.

2. Shata iyaka

Gida 20 zuwa 40 sun isa, wato layi ɗaya ko biyu da ake ganin juna. In ta fi haka mutane ba za su san fuskokin juna ba, alhali sanin fuska shi ne jarin wannan aiki. Zana taswira a takarda, a ba kowane gida lamba, a yi alama a hanyoyin shiga da fita, lungu mai duhu, kango, fili mai ciyawa, katangar da ta rushe. A zagaya da ƙafa sau biyu, ɗaya da rana ɗaya bayan dare ya yi. Za ka yi mamakin yadda layin da kake bi kullum yake sauya kama in fitilu sun mutu.

3. Littafi kafin komai

Sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Ku biyar ɗin nan ku raba gidajen, ku bi su ɗaya-ɗaya da tambayoyi huɗu: me ya faru a wata shida da suka wuce, wace rana da wane lokaci, ta ina aka shiga, an kai rahoto ko ba a kai ba. Kowane lamari layi ɗaya a littafin.

Wannan matakin shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi amfani. Kafin a rubuta, kowa cewa yake ɓarayi sun addabe mu. Bayan an rubuta sai a ga yawancin satar a lungu ɗaya ake yinta, ko tsakanin wasu awanni biyu, ko kuma abu iri ɗaya ake ɗauka. Unguwar da matsalarta fizgen waya ce da yamma ba ta bukatar mutum goma su kwana a waje da tocila. Bin gida-gidan kuma yana da wata riba: da bakinka ka gaya wa kowa abin da ake shirin yi, ba wanda zai ce daga baya bai sani ba.

Gargaɗi: ba a rubuta sunan wanda ake zargi a wannan littafi. Littafi yakan faɗa hannun da ba a zata ba, kuma zargin da ba hujja yana iya kai ku kotu.

4. Ku je wurin 'yan sanda kafin ku tara jama'a

Mutum biyu su ɗauki taswirar da littafin su je ofishin 'yan sandan da ke kula da yankin. Abin da ake nema a can: jami'i guda da za a riƙa magana da shi kai tsaye, lambar da ake kira in abu na faruwa yanzu-yanzu, da wadda ake kai rahoton abin da ya riga ya wuce. Sannan a tambayi abin da doka ta ce, domin kowace ƙasa da nata tsarin. Ana bukatar rajista? An yarda da sintirin dare? An yarda a sa shinge a bakin layi? A wane hali ne farar hula zai iya riƙe wanda ya kama yana cikin aikata laifi, kuma cikin wane lokaci dole ya miƙa shi? Ku bar musu wasiƙa mai kwanan wata, ku riƙe kwafinta da shaidar an karɓa.

Na san wani zai ce ai ko an kira su ba sa zuwa. Ko da haka ne ku je. Ranar da wani abu ya ɓaci, wannan takardar ita ce za ta raba ku da gungun mutanen da aka gani suna yawo cikin dare.

5. Taron farko

A gayyaci mutane baki da baki mako guda kafin ranar, a sake tuna musu ana gobe. A zaɓi wurin da kowa zai iya shiga ba tare da jin nauyi ba, mace da namiji, mai gida da ɗan haya. Awa ɗaya ya isa. A nuna taswira, a karanta abin da littafi ya nuna, jami'in ɗan sanda ya yi magana in ya zo, a zaɓi shugaba da sakatare da ma'aji, a sa ranar taro na gaba kafin a tashi. Takarda ta zagaya kowa ya rubuta suna, lambar gida, lambar waya, da lokacin da yake gida. Duk gida takwas zuwa goma a ba su wakili ɗaya. Wa'adin shugabanni shekara guda, a faɗe shi tun ranar.

Gargaɗi: mai jagorantar taro ya katse duk wanda ya fara kiran sunan ɗan wani gida. Mai irin wannan bayani ya same shi a keɓe. Siyasa ma a bar ta a waje, ko da mai neman kujera ya zo da tayin sayen kayan aiki. Kayan za su ƙare, amma sunan ƙungiyar wane ba zai goge ba, rabin layin kuma sun tafi ke nan.

6. Ƙa'ida a shafi ɗaya

Kada ta wuce shafi ɗaya, in ba haka ba ba mai karantawa. Duk mamba ya sa hannu. Abin da ba zai rasa a ciki ba: ba makami, ba duka, ba shiga gidan kowa, ba binciken aljihu ko jaka, ba bin mutum, ba karɓar tara, ba a fita aiki a buge. Wanda ya karya, an cire shi a ranar.

Maganar bin mutum da ɗaukar makami ita mutane suka fi yi wa gardama, don haka bari in kawo abin da ya faru a garin Sanford na jihar Fulorida a Amurka ranar 26 ga Fabrairu 2012. George Zimmerman, mai jagorantar masu sa ido na rukunin gidajensu, ya hango wani matashi ɗan shekara 17, Trayvon Martin, yana tafiya. Ya kira 'yan sanda, wanda ya ɗauki kiran ya ce masa ba a bukatar ya bi shi. Da bindiga a jikin Zimmerman. Suka yi arangama, ya harbe yaron har lahira. Yaron ba shi da makami, daga kanti yake komawa gidan da ya sauka a cikin rukunin. Kotu ta wanke Zimmerman a 2013, amma rai ya riga ya tafi.

Saboda haka a koya wa mambobi bambanci tsakanin baƙo da abin zargi. Baƙunta ba laifi ba ce, haka tufafin mutum ko harshensa ko launin fatarsa. Abin da ake kai rahoto shi ne aiki: yana murɗa hannun ƙofofin motoci ɗaya bayan ɗaya, yana hawa katanga, yana fitar da kaya daga gidan da aka san masu shi sun yi tafiya.

7. Hanyar sanar da juna

A buɗe zaure biyu a WhatsApp. Na farko na gaggawa ne kawai, na biyu na hira da sanarwa. In aka haɗa su wuri ɗaya, gaisuwa da hotuna za su cika shi, mutane su kashe ƙarar, ranar da aka yi kururuwar gaske ba mai gani. Saƙon gaggawa ya ƙunshi abin da aka gani, inda aka gani, lokaci, kamannin mutum ko abin hawa, da inda ya nufa. Wakilin kowane rukuni shi ke tabbatar da lambar sabon mamba kafin a sa shi, wanda ya tashi daga unguwar kuma a cire shi. Da ɗan gari akan ci gari, don haka ba a rubuta wa zaure cewa gidan wane ba kowa. Mai tafiya ya gaya wa wakilinsa da maƙwabcinsa na kusa, shi ke nan.

Waɗanda ba su da babbar waya a yi musu jerin kira: wakili ya kira mutum uku, kowannensu ya kira uku. Kowane gida kuma ya mallaki usur, a yarda da busa iri ɗaya, wanda ya ji ya kunna fitilar waje ya busa nasa. A gwada wannan sau ɗaya da rana bayan an sanar da kowa.

Gargaɗi: saƙon da aka turo daga wani wuri ba ya shiga zauren gaggawa, sai abin da mamba ya gani da idonsa. A 2018 jita-jitar masu satar yara da ta yaɗu ta WhatsApp a Indiya ta sa jama'a sun kashe mutanen da ba su ji ba su gani ba, ciki har da mutum biyar a ƙauyen Rainpada na jihar Maharashtra. Bayan haka ne kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda.

8. Kuɗi

Kuɗi ya kashe ƙungiyoyi fiye da yadda ɓarayi suka kashe. A wata na farko kada a karɓi ko sisi. Littafi da biro da usur, ku biyar ɗin farko za ku iya ɗauka. Bayan nan a raba kashe-kashe gida biyu. Akwai na sau ɗaya: tocila, riga mai ƙyalli, allon sanarwa a bakin layi, fitilu, akwatin taimakon gaggawa. Akwai na kowane wata: batir, katin waya, gyaran fitila, da albashin mai gadi in an ɗauka. A tambayi farashi a wuri uku, a tara jimilla, a ƙara kashi 10 cikin ɗari na ko-ta-kwana, sannan a raba wa kashi biyu cikin uku na gidajen, domin ba kowa zai biya kowane wata ba. Wanda ya yi lissafi da dukkan gidaje, a wata na biyu zai fara bin bashi.

Duk wanda ya biya a ba shi rasit. Kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu, kuma ma'aji da shugaba kada su fito daga gida ɗaya. A karanta shiga da fita a kowane taro ko da ba wanda ya tambaya. Gidan da ba shi da hali ya bayar da lokacinsa.

Gargaɗi: ba a cire gida daga kariya don bai biya ba, ba a kuma yi masa barazana. Daga ranar da aka fara haka, sunan abin ya koma karɓar kuɗi da tsoratarwa. In za a ɗauki mai gadi, a san inda ya fito da wanda ya tsaya masa, a kuma tabbatar akwai albashinsa na wata uku a ajiye. Mai gadin da ke bin bashi ya san lokacin barcin kowane gida.

9. Toshe kafa

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Koma kan taswira, a fara da wurin da littafi ya nuna an fi yin ɓarna. Haske ne kan gaba. Brandon Welsh da David Farrington sun tattara bincike 13 kan gyaran fitilun titi a Amurka da Birtaniya, suka sami raguwar laifuka da kashi 21 cikin ɗari a wuraren da aka gyara. Fitilar sola mai kunna kanta in ta ji motsi ta wadatar a lungu, a ɗaura ta sama yadda hannu ba zai kai ba. A sare ciyawa, a nemi mai kango ya toshe ƙofarsa, a kawar da tsani da ganga da tarin bulo da ke jikin katanga.

A ware rana guda kowane gida ya rubuta lambobin kayansa. Waya tana da lambar IMEI mai alƙaluma 15, tana fitowa in an danna *#06#. Mota da babur suna da lambar inji da ta jiki. A ɗauki hoton kaya da rasit. Ba tare da waɗannan ba, ko an kama ɓarawo da kayanka a hannu, tabbatar da cewa naka ne sai an sha wuya.

Kyamara tana da amfani, amma ita ce ta ƙarshe a jerin saye. In an sa, ta kalli hanyar shiga layi a tsayin da za ta ɗauki fuska, kada ta leƙa cikin gidan kowa, a daidaita agogonta, a kuma san kwana nawa take ajiye hoto kafin ta goge.

10. Sintiri, in littafi ya ce ana bukata

Ba kowace ƙungiya ke bukatar sintiri ba, kuma shi ne yake saurin gajiyar da mutane. In za a yi, mutum biyu ko uku, awa biyu, kada kowa ya wuce sau ɗaya a mako. A riƙa sauya lokaci da hanya, jadawalin kuma ya tsaya tsakanin masu fita. Kayan aiki tocila, usur, waya mai caji, riga mai ƙyalli, da ɗan littafi. Mutum ɗaya ya zauna a gida a farke a matsayin mai karɓar kira. Yara ba sa fita. In an ga abu, a ja baya zuwa wuri mai haske a kira.

11. Ranar da abu ya faru

Tsarin shi ne 'yan sanda tukuna, sannan zaure, sannan littafi. A duba ko wani ya ji rauni. Kada a bari jama'a su cika ɗakin da aka fasa suna taɓa ƙofa da taga. Kowane shaida ya rubuta abin da ya gani shi kaɗai kafin a fara hira, domin da an yi minti goma ana labari, bayanin kowa zai koma iri ɗaya.

In jama'a sun riƙe wani, aikin mambobi shi ne su tsaya tsakaninsa da taron har hukuma ta iso. Wannan shi ne aiki mafi wuya a duk jagorar nan, kuma a tattauna shi tun kafin ranar ta zo: wa zai kira, wa zai yi wa jama'a magana, wane gida za a shigar da shi.

Bayan ƙura ta lafa kada a manta da gidan da aka yi wa satar. Gidan da aka fasa sau ɗaya ya fi sauran shiga haɗarin a sake fasa shi, musamman a makonnin farko, domin ɓarawo ya riga ya san hanya, ya kuma san za a sayi sababbin kaya. A rukunin gidajen Kirkholt da ke Rochdale a Ingila, a ƙarshen shekarun 1980, an gina shiri a kan wannan: da zarar an fasa gida sai a gyara masa ƙofofi da makullai, a kuma nemi maƙwabta shida ko bakwai mafi kusa su sa masa ido. Tare da wasu gyare-gyare, fasa gida ya ragu da kusan kashi 75 cikin ɗari a shekara uku. Ku kwaikwayi wannan: a gyara inda aka shiga cikin kwana biyu, maƙwabtan kusa su riƙe gidan har wata guda.

12. Wata na uku, da faɗaɗawa

Wajen wata na uku sata za ta lafa, masu zuwa taro su ragu daga talatin zuwa bakwai. Haka take yi wa kowa, kada ka karaya. A mayar da taro sau ɗaya a wata, a gajarta shi, kowane taro ya fito da aiki guda da za a gama kafin na gaba. A riƙa faɗa wa mutane abin da aka cim ma da alƙaluman littafi: wata shidan farko kaza, na biyu kaza. A shigo da abin da ya wuce sata, kamar sharar layi, duba tsofaffin da ke zaune su kaɗai, koyon kashe gobara da taimakon gaggawa. Matasa a ba su aiki mai suna, irin su kula da fitilu ko riƙe zaure. Matashin da kullum ake kallo a matsayin wanda ake zargi ba zai kawo maka labari ba. Duk wanda ya tare sabo, wakili ya je ya yi masa maraba cikin makon farko da takardar ƙa'ida a hannu.

Layin da ke kusa za su zo su ce a sa su. Kada a haɗiye su. A ba su kwafin ƙa'ida, mutum ɗaya ya raka su bin gida-gida, su buɗe littafinsu da asusunsu, su zaɓi nasu shugabanni. Abin da zai haɗa ku shi ne zaure ɗaya na shugabanni kawai, da zama duk wata uku tare da jami'in 'yan sanda, kowa ya zo da littafinsa a gwada a ga ko satar da ta bar layinku ta koma nasu. In ƙungiyarku da kanta ta haura gida 50, a raba ta biyu a kan wannan tsari, a kwafe wa sabuwar shafukan littafin da suka shafi gidajenta kafin a rabu.